Wata goma a Muizenberg, garin da aka biya mini komai don in yi lissafi

Mai karatu, idan kana da ɗa ko 'ya da ke karanta lissafi a jami'a, na tabbata an taɓa yi maka irin tambayar da aka sha yi wa mahaifina a unguwar Sabo da ke Ibadan: "To, in ta gama me za ta zama?" Baba ɗan kasuwar goro ne, ya fi shekara talatin yana saye a ƙauyukan Yarbawa, yana ɗaure huhu zuwa Arewa. Da ka yake lissafa ƙwarya nawa ke cikin huhu da ribar da za ta fito, kafin yaron shagonsa ya gama danne-danne a waya. Duk da haka burinsa in zama likita. Ranar da na ce lissafi nake so bai hana ni ba, sai dai ya dube ni ya ce, "Uwata, shi wannan lissafin wa yake warkarwa?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Shekara huɗu na yi a jami'a ban samo masa amsa ba, sai da na je wani ƙaramin gari a bakin teku, can ƙarshen nahiyar Afirka. Zo in kai ka garin, ka ga abin da ɗanka zai tarar in Allah Ya ba shi irin wannan dama.

Saƙon da ya tara dangi

A shekarar 2017, na gama bautar ƙasa ke nan, saƙo ya shigo ta imel cewa an ba ni gurbin digiri na biyu a Cibiyar Nazarin Kimiyyar Lissafi ta Afirka, wadda aka fi sani da AIMS, a garin Muizenberg da ke gefen birnin Cape Town a Afirka ta Kudu. Masanin kimiyyar sararin samaniya Neil Turok ne ya jagoranci kafa ta a 2003. Haifaffen ƙasar ne, iyayensa sun yi gwagwarmaya da mulkin wariyar launin fata har suka yi gudun hijira. An kafa cibiyar da haɗin gwiwar jami'o'i shida: uku na yankin, wato Cape Town da Stellenbosch da Western Cape, sai Kambirij da Oksfod na Ingila, da wata a Faransa. A 2008 Turok ya bayyana burinsa a bainar duniya, cewa yana so masani na gaba mai darajar Einstein ya fito daga Afirka. Daga nan aka buɗe rassa a Senegal a 2011, Ghana a 2012, Kamaru a 2013, da Ruwanda a 2016.

Saƙon bai kwana ba sai da ya tara dangi a zauren gidanmu. Kawu ya ce budurwa ita kaɗai a ƙasar da ba dangin iya ba na baba, wannan ba magana ba ce. Inna ta yi shiru tana jan carbi. Baba kuwa tambaya uku ya yi, irin ta 'yan kasuwa: wa zai biya, ina za ta kwana, me za ta ci? Na ce cibiyar ce za ta biya kuɗin jirgi da na karatu da masauki da abinci, har da ɗan kuɗin kashewa. Ya ce kyautar da ta kai haka sai an duba ta da idon basira. Sai da wani malamina na jami'a ya tako har gida ya yi masa bayani, ya nuna masa hotunan ɗaliban da suka je suka dawo, sannan ya sa albarka.

Tsantsenin Baba daidai ne, kai ma ka yi irinsa. Ni dai kwabo ban biya ba wajen neman gurbin, ta shafin cibiyar na intanet na aika takarduna da wasiƙun malamaina. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya nemo wa ɗanka gurbin kyauta, ka riƙe aljihunka.

Inda damina da hunturu suka haɗu

Kafin tafiya an nemi fasfo da bizar karatu, da katin rigakafin cutar shawara, wanda duk mai zuwa daga Najeriya sai ya nuna shi, da rahoton likita, da hoton ƙirji saboda tarin fuka. Kilishin da Inna ta saya a gida na bar shi, don ba a shiga ƙasar da nama. Daga Legas zuwa Johannesburg tafiyar kimanin awa shida ce, sannan awa biyu zuwa Cape Town. Suna gaba da mu da awa ɗaya.

A watan Agusta na sauka, kuma a nan na fara gane cewa duniyar can a juye take. Sanyinsu daga Yuni zuwa Agusta yake, zafinsu kuma a Disamba da Janairu. Ruwan samansu a cikin sanyin yake zuwa, ka ɗauka an haɗa maka damina da hunturu a rana ɗaya. Gidajen garin galibi ba su da abin ɗumama ɗaki, sai bargo da safa da rigar sanyi. Da tsakar rana ta gefen arewa rana take bi. Da na tashi yin salla na fuskanci inda rana ke fitowa kamar yadda na saba, sai wata 'yar Sudan da muka zo rana ɗaya ta kama kafaɗata ta juya ni. Ashe alƙiblar can kusan arewa take kallo. Mu da muke kiran alƙibla gabas, sai ga gabas ta koma arewa.

Muizenberg, wanda ake furtawa kamar Miyuzinbag, yana da nisan kimanin kilomita 25 daga tsakiyar birni. An matse shi ne tsakanin dutse da teku. Bayanka dutse mai tsayi, gabanka ruwan da ake kira False Bay, a tsakaninsu titi ɗaya da layin dogo da ke bin gaɓar ruwa har Simon's Town. A bakin rairayin akwai jerin ƙananan ɗakunan katako, ja da rawaya da shuɗi da kore, waɗanda ake canza kaya a ciki, su ne ake bugawa a katunan yawon buɗe ido. Garin na da tarihi. A nan Turawan Ingila suka gwabza da na Holan a 1795, kuma a wani ɗan gida a bakin titin ne Cecil Rhodes ya mutu a 1902.

Gida ɗaya, allo ko'ina

Ginin cibiyar tsohon otal ne, 'yan taku kaɗan daga bakin ruwa. A cikinsa ake kwana, a cikinsa ake ci, a cikinsa ake karatu. Mu kusan hamsin ne, daga ƙasashe daban-daban: Sudan, Madagaska, Kongo, Habasha, Ghana, Kamaru, Kenya da sauransu. Wasu da Faransanci suka yi digirinsu, wasu da Larabci, don haka akwai darasin Turanci ga masu buƙata. Malamai daga jami'o'in duniya suke zuwa, kowa ya yi mako uku ya koyar da darasinsa ya tafi. Su ma a gidan suke sauka, a teburi ɗaya kuke cin abinci. Za ka ga farfesan da ka taɓa ganin sunansa a bangon littafi yana miƙo maka gishiri, yana tambayarka inda ka tsaya a aikin jiya. Akwai kuma mataimakan malamai da ke zaune tare da ɗalibai duk shekara.

Karatun kashi uku ne. Da farko a gyara maka hannu: yadda ake tunkarar matsala, yadda ake rubuta hujjar lissafi, yadda ake ba kwamfuta umarni da harshen Python, da yadda ake tsara rubutu da manhajar LaTeX. Sai kashi na biyu, inda kake zaɓar darussa a fannoni daban-daban, kowanne mako uku. Na ƙarshe shi ne binciken da za ka rubuta da kanka, ka kare shi a gaban malamai. Ba a jiran jarrabawar ƙarshen zango, aikin kowane mako ake dubawa. Abin da muke yi a zango guda a jami'a, a nan cikin kwana ashirin da ɗaya ake gama shi. Ɗakin kwamfuta kuwa ba a rufe shi, dare da rana.

Ka lura da wannan, mai karatu. A gida ɗalibi yana da abin fakewa: an ɗauke wuta, babu kuɗin mota, an tafi yajin aiki, an aike ni kasuwa. A can duk an ɗauke maka waɗannan. Ba ka girki, ba ka neman littafi, ba ka tunanin kuɗin makaranta. Daga kai sai allo. In ba ka gane ba, babu wanda za ka ɗora wa laifi, kuma wannan nauyi ne da ban taɓa ɗauka ba.

Watan da jikina ya ƙi

Ni ce ta ɗaya a ajinmu a jami'a, na saba a zo wurina a yi tambaya. A mako na biyu aka ba mu wata matsala, na yi awa huɗu a kanta ban motsa ba, wani ɗan Madagaska da ko Turanci bai gama iyawa ba ya warware ta a bayan takardar shayi. Maimakon in ce ya nuna mini, sai kunya ta kama ni. Na yanke wa kaina hukuncin cewa in dai zan kamo su, sai na rage barci.

Haka na shiga kwana a ɗakin kwamfuta har ƙarfe uku, in tashi da asuba. Kofi, wanda ban taɓa sha ba a gida, ya zama kofi huɗu ko biyar a rana. Abincin da ban saba da shi ba na riƙa tsallakewa, sai shayi da burodi. In Inna ta kira ta WhatsApp in ce komai lafiya, in nuna mata teku ta taga. Ai ba na faɗa wa wadda ta sha surutun dangi saboda ni cewa na kasa ba.

Zuwa watan Oktoba kaina ba ya daina ciwo, zuciyata na bugawa da sauri, in na hau bene sai na huta. In karanta layi sau biyar ban riƙe ba. Wata safiya ina tsaye a gaban allo sai na ga alli ya zama biyu, na jingina da bango na sulale. Wata mataimakiyar malami ce ta raka ni asibiti. Tambayar farko da likita ta yi ita ce daga wace ƙasa na zo, da ta ji Najeriya sai ta sa aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Cape Town ba ta da wannan cuta, saboda haka in ɗanka ya yi zazzaɓi a irin wannan wuri, ya faɗi inda ya fito ko ba a tambaye shi ba. Nawa gwajin bai nuna komai ba. Abin da aka samu shi ne ƙarancin jini saboda rashin sinadarin ƙarfe, sai gajiya da rashin barci. Ta ba ni magani, ta ce in ci nama da wake da ganye, in daina haɗa shayi da abinci don yana rage shigar sinadarin cikin jiki, in bar kofi daga azahar, kuma in yi barcin awa bakwai ko fiye, kamar yadda ake so ga kowane baligi.

A hanyarmu ta dawowa mataimakiyar nan ta ce ita ma a shekararta ta yi kuka a banɗaki ya fi a ƙirga. Ta ce ba don mun riga mun iya aka ɗauko mu ba, don mu koya ne. Washegari na ɗaga hannu a aji na ce, "Ban gane ba, a sake." Malamin ya yi murmushi ya goge allon ya faro daga farko. Da na waiwaya sai na ga kusan rabin ajin sun sunkuya suna rubutu. Ashe ba ni kaɗai ba ce, kowa jira yake wani ya fara faɗa. Daga ranar muka haɗa rukunin mutum huɗu, ni da 'yar Sudan da ɗan Madagaskan nan da wani ɗan Ghana, da sharaɗi ɗaya: ƙarfe sha ɗaya na dare kowa ya tafi ɗakinsa. Abin mamaki, makina bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Sau da yawa matsalar da ta gagare ni da dare, da safe nake tashi da bakin zarenta.

Tafiyar Asabar

Dokarmu ta biyu ita ce ranar Asabar da safe ba a taɓa littafi. Akwai wata siririyar hanyar ƙafa da ke bin gaɓar teku daga Muizenberg zuwa St James, in ruwa ya cika har fantsamo maka yake. Daga nan ka bi titi zuwa Kalk Bay, duka tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. A can masunta ke sauke kifi daga ƙananan jirage masu launi, mata na fere shi a kan teburan siminti, ka sayi soyayyen kifi da dankali ka zauna a kan katanga kana ci, tsuntsayen teku na zagaye ka. In ka ci gaba zuwa Simon's Town za ka ga fengwin, tsuntsun da ba ya tashi, yana tafiya a tsaye kamar dattijo cikin babbar riga.

Bakin ruwan Muizenberg ya shahara wajen masu hawan igiyar ruwa a kan allon katako. Tun 2004 akwai masu gadi da ke zama a kan dutse da tabarau mai hangen nesa suna duba kifin shak. Tuta ce ke ba da labari: kore na nufin ana gani sosai kuma babu komai, baƙa na nufin ruwan ya yi duhu ba a gani, ja na nufin a yi hattara, in kuwa aka ɗaga fara aka busa jiniya, kowa ya fito. Ni iyakata idon sawu. Da bazara akwai wata iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas da mutanen garin ke kira likitan Cape, wai don tana share ƙazantar iskar birni. Ita ta koya mini sa wa mayafi fil biyu. Shawarar da aka ba mu tun ranar farko kuma ita zan ba ka: ba a yawon dare, ba a hawa dutse mutum shi kaɗai, ba a riƙe waya a hannu a inda babu jama'a.

Lita hamsin

Shekarar da na je ita ce ta babban fari. Damina uku a jere ruwa bai wadata ba, madatsun da ke ba birnin ruwa suka kusa ƙafewa, har babbar cikinsu, Theewaterskloof, ta koma fili mai ƙura. Hukuma ta sanar cewa in ruwan madatsun ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin 100, za a rufe famfunan gidaje, kowa ya bi layi ya karɓi lita 25 a rana. A Janairun 2018 aka ce ranar za ta zo a watan Afrilu. Daga 1 ga Fabrairu aka taƙaita wa kowane mutum lita 50 a yini, ciki har da sha da wanka da wanki da banɗaki.

Sai ga mutanen birni suna koyon abin da muka tashi da shi a Sabo. Wanka a tsaye cikin baho, a tara ruwan a kora banɗaki da shi. Wani malami daga Turai ya tambaye ni yadda ake wanka da bokiti ɗaya, na ce masa har saura ake ragewa. Alwala kuwa kofi ɗaya ya ishe ni.

A nan na fara ganin lissafi yana tafiya a kan titi. Kowane mako ana bayyana yawan ruwan da ya rage da wanda gari ya sha. Ka cire abin da rana ke ƙonewa, ka raba sauran da abin da ake sha a kullum, sai ya ba ka kwanakin da suka rage. Mun riƙa yin wannan a kan allo bayan cin abincin dare. Da jama'a suka rage amfani da ruwa, aka tsayar da na ban-ruwan gonaki, wasu manoma kuma suka sako na madatsarsu, sai ranar ta riƙa ja da baya, daga Afrilu zuwa Mayu, zuwa Yuni, zuwa Yuli, har aka ce ba za ta zo ba a shekarar. Birni mai mutum kimanin miliyan huɗu ya rage shan ruwansa da fiye da rabi idan aka kwatanta da shekarun baya. Lamba ɗaya da kowa ya fahimta ce ta sauya halin gari guda.

Azumi a ƙarshen duniya

In kewar gida ta dame ka, ka shiga birni ka hau unguwar Bo-Kaap, mai gidaje masu launi a gindin dutse. Mazaunanta jikokin Musulmin da Turawan Holan suka kawo ne daga Indunusiya da Indiya da wasu sassan Afirka, wasu bayi, wasu fursunonin siyasa. A nan Masallacin Auwal yake, wanda aka kafa a 1794, mafi daɗewa a ƙasar. Limaminsa na farko, Tuan Guru, ya rubuta Alƙur'ani da ka lokacin da yake tsare a tsibirin Robben, inda daga baya Nelson Mandela ya yi shekara 18 cikin 27 da ya yi a kurkuku. Saboda wannan al'umma, abincin halal ba ya wahalar samu a birnin.

Azumin 2018 ya kama daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, farkon sanyi, yini gajere, bai wuce awa goma sha biyu ba. Wata dattijuwa da na sani a masallaci ta riƙa aiko mana da buda-baki, har da wani kunun madara mai siririyar taliya da suke kira boeber, wanda ake sha a daren sha biyar ga wata. A cikin wannan azumin ne na rubuta bincikena.

Amsar tambayar Baba

Na zaɓi yin aiki a kan yadda cutar ƙyanda ke yaɗuwa. Wannan fanni ya daɗe. Ronald Ross, wanda ya gano cewa sauro ke yaɗa zazzaɓi, ya yi amfani da lissafi ya nuna cewa ba sai an kashe kowane sauro ba, in aka rage yawansu ƙasa da wani mizani cutar za ta ja baya da kanta. A 1927 Kermack da McKendrick suka raba jama'a gida uku: waɗanda za su iya kamuwa, waɗanda suka kamu, da waɗanda suka warke, suka rubuta yadda mutane ke tashi daga wannan gida zuwa wancan. Har yau a kan wannan tubali ake gini.

Wani dare Baba ya kira ya ce in faɗa masa da Hausa abin da nake yi. Na ce, "Baba, in goro ɗaya mai sankara ya shiga huhu, me ke faruwa?" Ya ce yana ɓata na kusa da shi, shi ya sa ake kwancewa ana tsincewa. Na ce to yaro ɗaya mai ƙyanda, a cikin jama'ar da ba ta da kariya, yana iya shafa wa mutum 12 zuwa 18. Mu ɗauka 15 ne. In ana so cutar ta mutu, dole mai ita ya kasa shafa wa fiye da mutum ɗaya, wato 14 cikin waɗancan 15 su kasance da kariya. Wannan kusan kashi 93 cikin 100 ke nan, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke neman a yi wa kashi 95 na yara allura sau biyu. In unguwa ta tsaya a rabi, ko da an yi ƙoƙari, cutar za ta dawo, kuma jariran da ba su kai watannin allura ba su za ta fara kamawa.

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Wato ke ba mutum ɗaya kike dubawa ba, huhun gaba ɗaya kike dubawa." Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "To, Allah Ya yi miki albarka, Uwata." Inna ta gaya mini daga baya cewa washegari shi da kansa ya sa aka binciko katunan rigakafin jikokinsa.

Abin da zan bar maka

A watan Yuni aka yi bikin kammalawa, na dawo gida da digiri na biyu da abokai a ƙasashe fiye da goma. Idan kai ɗalibi ne, ka fara tara takardunka da wasiƙun malamanka tun ƙarshen shekara, don a watannin farko na sabuwar shekara ake rufe karɓa. 'Yan mata kada ku ja baya, cibiyar na neman ku da gaske. In an ɗauke ka, ka tafi da rigar sanyi mai kauri, ka ci abin da aka ba ka ko bai yi maka daɗi ba, ka kwanta da wuri, ka fita ka taka ƙasa ko sau ɗaya a mako. Kuma tun makon farko ka koyi faɗin "ban gane ba".

Idan kuma kai uba ne, ko ke uwa, ku bincika sosai kamar yadda Baba ya yi, in kun gamsu ku sa albarka ku bar yaro ya tafi. In ya kira, kada ku fara da tambayar ko shi ne na ɗaya. Ku tambaye shi ƙarfe nawa ya kwanta jiya, me ya ci yau, su wa yake zama da su. In ya ce komai lafiya cikin sanyin murya, ku sake tambaya. Ku gaya masa cewa ko da bai zo da komai ba, ƙofar gida a buɗe take. Da na ji wannan a watan Satumba, da ban kai ga faɗuwa a gaban allo a Oktoba ba. Sai bayan na dawo na ba Inna labarin ciwon, ta yi kwana biyu tana yi mini faɗan ɓoye mata da na yi, kuma ita ce da gaskiya.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.